Baba Isiyaku, Jagoranmu a Hanyar Dass

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina buɗe shago a Gwallaga ɗansa ya kira ni. Baba Isiyaku ya rasu. Ƙirjinsa ne ya riƙe bayan sallar asuba, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.



Ga waɗanda ba su san sunansa ba, shi ne dattijon nan mai farin gemu da kuke gani ranar Asabar a hanyar Dass, bisa keke, da hular kwano da gorar ruwa. Tsohon malamin makaranta ne a Yelwa. Da ya yi ritaya likita ya ce suga ta yi masa yawa, ya riƙa motsa jiki. Da wani ne, unguwa zai riƙa zagayawa. Shi daji ya nufa.

An yi masa dariya sosai. Masu mota kan tsaya su tambaye shi ko lafiya, ko a rage masa hanya. Sai ya yi godiya ya ci gaba da taka fedarsa.

Ni telansa ne kawai. Shekarar da matata ta rasu na kulle shago, abinci ma sai an matsa min. Ya zo ta'aziyya ya ga yadda na koma. Da sati ya zagayo sai ga shi da keke biyu, yana kan ɗaya yana jan ɗaya. Bai yi min wa'azi ba. Cewa ya yi, "Hau mu je, Nura. Kukan ma a daji ya fi daɗin yi."

Muka bar kwalta muka shiga turba tsakanin duwatsu. Ba hon, ba hayaƙi, sai ƙarar taya a kan tsakuwa da zabin daji suna watsewa a gabanmu. Muka yi alwala a rafi, muka yi azahar a kan falalen dutse. Na yi kukan kuwa. Shi ya juya baya ya shiga duba birkinsa, alhali birkin lafiyarsa ƙalau.

Ranar na dawo cinyoyina kamar ba nawa ba, na cinye tuwo kwano guda.

Daga nan muka yi ta ƙaruwa: ɗalibai, ma'aikata, da Chinedu mai sayar da kayan gyaran mota. Baba ya hana mu fita ranar Lahadi saboda kada Chinedu ya rasa coci. Ya fi mu duka juriya, amma kullum a baya yake, kusa da wanda ya fi gajiya. Tayarka ta yi faci, kafin ka sauka ya fito da gam da famfo. Duk rugar da muka ratsa sun san shi, har nono suke ajiye masa.

Asabar da ta wuce ce haɗuwarmu ta ƙarshe. Akwai wani hawa kusa da Dass da samari ma ke sauka su tura. Bara, bayan wata jinya da ya yi, sai da ya tura shi ma, abin kuma ya tsaya masa a rai. Wannan karon bai sauka ba. Muna sama muna kallonsa yana tahowa a hankali, gumi ya jiƙe gemun, har ya iso. Ya daɗe yana haki, yana dariya. Sannan ya nuna mana gonaki da duwatsu har iyakar gani.

"Ku duba abin da Allah ya shimfiɗa mana," in ji shi, "mu kuma muna ta zaman ɗaki."

Wallahi ina alfahari da cewa na bi bayan mutumin nan a daji.

Za a yi jana'iza bayan azahar a gidansa da ke Yelwa. Mu 'yan tafiyar Asabar mun yi magana, a kan kekunanmu za mu je.

Allah ya jiƙan Baba Isiyaku, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba iyalansa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai taɓa ganinsa ba, ya sa shi a addu'a.