Dattijon da Zai Je Toronto Ganin Jika

Jama'a, yau wani dattijo ya kashe mini jiki a tube, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa!

Na shiga a tashar Whitechapel ina waya. Ina kashewa sai na kusa da ni ya yi sallama. Bahaushe!

Ya ce, "'Yata, na ji kin ambaci Toronto. Kin san garin?"

Na ce, "Sosai, Baba, can na yi karatu."

Ashe daga Kano ya zo wurin 'yarsa, jibi zai wuce Toronto ganin jikansa ɗan shekara bakwai. Ba su taɓa haɗuwa ba. Wai ina zai kai shi yawo?

Na hau lissafo masa bakin tafki, jirgin ruwa zuwa tsibiri, gidan kallon kifaye. Yana ta rubutawa a bayan ambulan.

Can ya ɗago ya ce, "Wanne ne ba sai an yi magana ba? Yaron ba ya jin Hausa, ni kuma ba Turanci."

Da ƙyar na ce, "Gidan kifayen, Baba. Nuni kawai za ku riƙa yi wa juna."

Ya ja layi biyu a ƙarƙashinsa, ya sa mini albarka, ya sauka.