Tirelar da Ta Ƙi Fita Zaure

Duk lokacin da na bi ta Ƙofar Ruwa na ji ƙaurin walda, sai wata damina ta faɗo mini a rai, ina 'yar shekara tara.

Kakarmu ta wajen uba a ruga aka haife ta. Aure ne ya shigo da ita cikin ganuwa, ta tsufa a birni, amma ba ta taɓa yarda da nonon kasuwa ba. Takan ce ruwa ne da aka nuna wa saniya daga nesa. A daminar nan aka aiko cewa ƙanwarta da 'ya'yanta sun sauka da shanu a wani daji arewa da gari, kuma ba za su daɗe ba. Kaka ta ce sai ta je ta kwana. Rabonta da ƙanwar tun kafin a haifi babanmu.

Baba baduku ne a kasuwar Kurmi, bai san kan ƙarfe ba, amma akwai shi da kafiya. Ya sayo tsohuwar ƙaramar tirela a wargaje, ya shigo da ita tsakar gida gunduwa-gunduwa, wai don Kaka ta ga ana haɗa ta. Ya kira mai walda. Innarmu ta yi kwanaki a ɗaka tana mita, an kawo mata namiji har bakin murhu.

Aka kafa sanduna huɗu na ɗaura tampol, aka yi gurbin jarkokin ruwa, aka buga katako a gefe don tabarmi da tukwane. Sai Baba ya tuna ciwon ƙafafun Kaka, ya ce ba za ta kwana a ƙasa ba, da gadonta za a tafi. Ya auna gadon sau uku, aka faɗaɗa tirela. Ka san abin da bai auna ba? Ƙofar zaure.

Ranar tafiya, motar kawunmu na jira a bakin titi, muka turo tirela da murna, ta zo ƙofa ta cije. Taƙi guda ta fi ƙofar. Aka karkata ta, aka cire tayoyi, ko gezau. Ga shi an ɗauke wuta, mai walda ya ce ko an kawo, aikin kwana biyu ne. Shanu kuwa gata za su tashi.

Zauren nan marigayi kakanmu ne ya gina shi da hannunsa, a ciki ya koya wa Baba karatu. Baba ya ɗauko diga, ya tsaya, ya ajiye. Sai muka ji sandar Kaka a bayanmu.

"Wanda ya gina shi shekara nawa yana cewa zai kai ni ruga, har ya koma ga Allah," in ji ta. "Fasa shi, ɗan nan."

Baba ya fasa gefen ƙofar, tirela ta wuce. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Kwana biyu muka yi a ruga. Na tuna ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin kashin shanu, da Kaka tana zuba Fillanci tana dariya kamar ba ita ba. Gadon kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. A tabarma ɗaya ta kwana da ƙanwarta, mu yara muka haye gadon. Baba ya dube mu, ya girgiza kai. Kafin wata daminar Kaka ta rasu.

Ina kewarta ƙwarai, har da faɗanta. Dajin nan yanzu gidaje ne da shaguna, ba makiyayin da ke sauka. Ni kuma ina da mota tawa, kullum ina cewa zan kai 'ya'yana su ga danginsu na ruga, kullum ina ɗagawa. Babbar ta kusa gama jami'a.