Sahun Malam Sambo Bai Cika Ba

Ina kan keken ɗinki a kasuwar Tudun Wada, hantsi ya dubi ludayi, sai ƙanen Malam Sambo ya tsaya a kaina ya ce, "Garba, malaminku ya riga mu gidan gaskiya. Bayan azahar za a kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da kuka aka kai ni makarantar boko. Mai unguwa ne ya ɗebo mu, iyayenmu mata suna ganin an kai mu ga halaka. Malam Sambo kuwa da dara ya tarbe mu. Ya haƙa gurabe a gindin tsamiya, ya zuba mana 'ya'yanta, sai da muka yi wata guda muna wasa kafin mu gane lissafi muke koyo. Ran da aka kawo taswira, tururuwa ya ɗora a kan Zariya ya ce mu raka ta Makka, muna ihu duk sa'ad da ta nufi teku. Bulalarsa tana rataye har gara ta cinye ta. Yakan ce, "Kan da tsoro ya cika, ina karatu zai zauna?" Ni ne daƙiƙin ajin, amma ban taɓa jin ya kira ni haka ba.

Aikin nan ya ja masa tsada. Malamin zaure ne mai daraja kafin ya karɓi allin Nasara. Abokan karatunsa suka daina amsa sallamarsa, aka hana shi limancin unguwa, wasu har suka rantse ba za su sallaci gawarsa ba. Bai mayar musu ba. Ya dogara da abin da ya karanta, cewa musulmi arba'in in suka tsaya wa mamaci salla, ana karɓar cetonsu. Duk wanda ya gama makaranta sai ya dafa kansa yana dariya ya ce, "Kai ne na kaza a sahuna. Kada ka makara." Ni ne na goma sha bakwai. Kafin ya bar aiki mun haura sittin.

Saboda haka da na ji rasuwarsa na rufe keke na shiga ofis-ofis da ƙafata, ina kiran almajiransa jana'iza. Na fara da Mamman, babban akawu, wanda Malam ya riƙe wa hannu ya koya masa kama alƙalami. Bai ko miƙe ba. Ya ce, "Garba, ka san yau Razdan, babban Baturen lardi, ke zagaya ofisoshi. In na tashi, wa zai ba shi amsa? A isar mini da gaisuwa, zan zo ranar uku." Abin da na ji ke nan a kowace ƙofa, kamar sun haɗa baki.

Da aka tsayar da sahu na ƙirga, na sake ƙirgawa. Mu goma sha tara ne, har da masu haƙar kabari da wasu fatake biyu da suka ratso. Almajiransa na boko, mu uku. Waɗanda suka rantse ba su ba ni haushi ba, sun cika maganarsu. Ku da kuka ci tuwon gidansa, kuka hau kujera da karatunsa, ku ne kuka ci amanarsa, kuma ban ɓoye muku ba.

Da muka dawo, mai ɗakinsa Inna Hajara ta kira ni daga bayan zana. "Garba, sun kai arba'in ɗin?" Na buɗe baki zan amsa. Ta ce, "Bari, na ji. Har ransa ya fita yana cewa in aro tabarmi a maƙwabta, yaransa suna da yawa."

Ya Allah, Kai ba Ka bukatar ƙidayarmu. Ka jiƙan bawanka Sambo, Ka yalwata kabarinsa, Ka cika masa sahunsa da mala'ikun rahama. Ka ba Inna Hajara da 'ya'yansa haƙuri, Ka zame musu gata. Waɗanda suka ce sai ranar uku kuwa, Ka sanyaya zuciyata a kansu, don har yau bakina ya kasa yi musu addu'a. Amin.