Gaisuwar da Alassani Ya Hana Baba Bukari

Duk zangon Sokode an san Alassani Tafinta da durƙusawa. Ko mai tallar goro ya gaida shi sai ya kai gwiwa ƙasa, ga tsufa, ga ciwon ƙafa. Yara na dariya, ba su san bashin gaisuwa yake biya ba.

A zamanin Faransa yana ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko, yana neman gurbin babbar makarantar Lome. Kansa ya cika da labarin Janeba, inda manyan ƙasashe ke zama su sasanta rigima, shi ma can ya sa ido. Malaminsa ya koya masa cewa mai shiga tsakani ba shi da uwa, ba shi da uba. Yaro ya haɗiye maganar ko taunawa bai yi ba.

Ana nan sai kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya tafi Dapaong raba rigimar manoma da fataken shanu, ya tafi da Alassani ya yi masa tafinta. In ya yi kyau, gurbin Lome nasa ne.

Wa zai tashi ya yi magana da bakin fatake? Baba Bukari, mai masaukin Awudu mahaifin Alassani, wanda ya yi wa Alassani huɗuba a kunne ranar da aka haife shi. Tsoho ya washe baki, ya taho da hannu biyu.

Alassani ya saci kallon kumandan. Ya ƙame da takalmi a ƙafa, ya ce, "Bukari, tsaya can, faɗi ƙararka."

Haka, Bukari tsirara, ko Baba babu! Tsoho ya mayar da hannuwansa cikin riga, ya faɗi maganarsa. Kumandan kuwa ya yaba, ya ce wannan yaro ba ya son kai.

Da za su hau mota, Baba Bukari ya matso da ƙullin kilishi.

"Tafinta, don Allah in ka isa Sokode, kai wa Awudu wannan. Ka ce an gaya mini ɗansa yana cikin baƙi. Na duba, na duba, ban gan shi ba."

Kunya ta rufe Alassani. Ya ce a ransa in ya samu hutu zai dawo ya durƙusa.

Ya samu gurbin Lome. Yana can aka aiko masa cewa Baba Bukari ya rasu.