Telan da Ya Ɗinka wa Jirgin Sama Riga

Allura ta biyar Malam Badaru yake zura wa zare, yana tsaye jikin tagar shagonsa a bene na biyu a unguwar Deira ta Dubai, ya karkata kai domin hasken safiya ya faɗa kan kafar allurar. Kullum bakwai yake zurawa kafin ya taɓa keken ɗinki, ya soke su a jikin labule, domin idonsa na hantsi ba shi ne na la'asar ba. Shekararsa sittin da ɗaya a lokacin. Jiragen sama suna wucewa ta saman rufin har gilashin tagar yana rawa, shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi.

Haifaffen Tudun Wadar Zariya ne, ɗan tela, jikan maɗinkin babbar riga. Wani ɗan kasuwa ne ya kawo shi Dubai, domin 'yan Kano masu zuwa sarin kaya suna son kafin a rufe kwantena a ce kaftaninsu ya fito. A Bur Dubai yake kwana, ya haye ruwa da abra, ƙaramin kwalekwalen katako, ya dawo bayan magariba. An san shi da abu guda: idan zai auna mutum, sai ya auna kafaɗar dama daban, ta hagu daban. Masu gaggawa sukan yi tsaki. Ya ce musu shi dai bai taɓa ganin ɗan Adam mai kafaɗu biyu iri ɗaya ba.

Ran nan, cikin watan Yunin shekarar korona, Injiniya Mubashir ya hawo benen yana haki a cikin takunkumi. Bakano ne, ƙato, aikinsa na'urorin sanyaya manyan gine-gine, kuma shekara goma Badaru yana ƙara masa faɗin riga.

"Baba tela, aiki na kawo."

"Bakano, tumbin ne ya sake ƙaruwa? Yadin duniya zai ƙare a kanka."

"Wannan karon mai rigar ya fi ni girma, kuma ba ya iya hawa bene. Yalla, mu je, ɗauko tef ɗinka, Bazazzage."

A mota ya ba shi labari. Tun 2016 yake haɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu a wani rumbun ajiya a Al Qusais, irin wanda ake yi wa ƙashi da bututun ƙarfe a lulluɓe shi da yadi. Waɗanda suka zana jirgin siraran mutane suka auna. Mubashir ya shiga ya ji kamar an sa shi a tulu, sai ya yanke gangar jirgin ya faɗaɗa ta da inci huɗu daidai kafaɗa, ya ɗaga bayanta da inci biyu, ya sake walda. Da siffa ta canja, rigar da masu zana jirgin suka aiko ɗinkakkiya ta ƙi shiga. Ya gwada yanka wata da kansa, ya ɓata bandir guda. Saura bandir ɗaya tak, kaya ba sa shigowa saboda kullen korona, mai rumbun kuma yana son wurinsa ƙarshen Yuli.

Da aka ɗaga ƙofar rumbun, Badaru ya tsaya cik.

Ya sha hawa jirgi, amma bai taɓa ganinsa tsirara ba. Ga shi nan a kan ƙafafu uku, haƙarƙari zalla, bututu sirara kamar karan dawa, kana hango bangon baya ta cikinsa. Ya sa yatsa biyu ya ɗaga wutsiyar, sai ta biyo hannunsa kamar kwando. Ya mayar da ita a hankali.

"Injiniya, wannan ne zai tashi da kai?"

"Insha Allahu."

"Tsakaninka da sararin Allah kuma ba komai sai yadi?"

"Yadi da gam da ɗinkinka."

Badaru ya sake duban bututun. A tsawon rayuwarsa, in ɗinki ya ɓaci, iyakarsa mai riga ya ji kunya ranar Juma'a. Bai taɓa ɗinkin da rai zai rataya a jikinsa ba.

Mubashir ya shimfiɗa manyan takardu da ya zana a kwamfuta. Ya ce aikin mai sauƙi ne: a ɗora takarda kan yadi, a ninka biyu, a yanka dama da hagu lokaci guda. Badaru ko kallonsu bai yi ba. Ya warware tef daga wuyansa ya fara auna gefen dama, daga hanci zuwa wutsiya, yana motsa leɓe. Ya zagaya ya fara hagu.

"Baba, ai ɗaya ne. Jirgi ne, ba ɗan dako ba."

"Shwaiya shwaiya, a hankali, Bakano."

Daidai inda aka faɗaɗa, ya tsaya. Ya sake awo. Ya ajiye tef ya bi bututun da tafin hannu, idonsa a rufe, kamar mai shafa bayan doki.

"Kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama da rabin inci."

Mubashir ya yi dariya, amma ya karɓi tef ya auna da kansa, dariyar ta tsaya. Zafin walda ne ya ja ƙarfen, fenti kuma ya rufe. Ya zauna a kan wani akwati yana share gumi. Gyaran yana nufin kankare fenti, yanke mahaɗa, sake walda, sannan a kira mai duba jirage ya sake gani. Kwanaki kuwa sun yi kaɗan.

"Rabin inci ne fa, Baba. Kai da kake ɓoye tumbina ba wanda ya sani. Ka sakar masa yadi ta hagu, khalas, shi ke nan."

Gaskiya ya faɗa. Badaru ya iya. Ya ɓoye ƙusumbi, ya ɓoye karkatacciyar kafaɗa, har ya riga ya hango inda zai kai ɗinkin ba mai ganewa. Ya dubi kujerun biyu.

"Waye zai zauna a ɗayar?"

"Fiddausi mana. Don ita na faɗaɗa. Tun tana sakandare take riƙe mini ƙarfe ina walda."

Badaru ya san Fiddausi, 'yar Mubashir ta fari, ɗaliba a jami'a. Shi ya ɗinka mata kayan saukar Alƙur'ani. Ya naɗe tef ɗinsa ya mayar wuya.

"Injiniya, riga tana rufa wa mutum asiri ne a idon mutane. Iska ba ta da ido, lalube take yi. Ban san aikinku ba, wataƙila rabin incin nan ba komai ba ne. Amma in na rufe shi, ba mai sake ganinsa. Ka daidaita shi, ko ka nemi wani telan."

"Wane telan a wannan kullen?"

"To ka gani."

Mubashir ya mayar da shi Deira. Kwana biyu babu waya. A rana ta uku ya kira, muryarsa ƙasa ƙasa. Ya ce ya ja zare daga hancin jirgin zuwa wutsiya, ya ga wutsiyar ma ta ɗan bi karkatar. Ya riga ya fara kankare fenti.

Kwana tara gyaran ya ci. A cikinsu Badaru ya sayo akoko mai araha a kasuwar yadi ta Bur Dubai. Da ƙarfe ya daidaita, mai dubawa ya zo ya gamsu, sai ya yafa wa jirgin akokon, ya manne shi da allurai, ya bi da alli, ya cire, ya gyara, ya sake yafawa, har sau uku. Sai da akoko ya kwanta a sabon faɗin nan kamar an haife su tare, sannan ya yarda aka warware bandir na ƙarshe.

Fari ne sol, mara nauyi, yana sheƙi kamar cikin ɓawon ƙwai. Ya ɗora almakashi, sai ya fasa. Ya ajiye, ya je ya yi alwala, ya dawo. Ya yi bisimilla. Ƙarar almakashin kaɗai ake ji a rumbun, da numfashin Mubashir.

Ya ɗinka bi da bi yadda littafin jirgin ya ce, ninki a kan ninki, Mubashir yana karanta masa yana fassarawa. Suka sa wa jirgin rigar, suka bi bututu da gam. Ta zauna, amma sakwaf, duk ta tattare a gefe kamar rigar aro. Badaru ya ja da baya ya dube ta. An gaya masa yadin yana tsukewa in ya ji zafi, amma ji daban, gani daban.

Mubashir ya kunna dutsen guga, ya auna zafinsa da ma'auni, ya miƙo masa. Badaru ya ɗora shi daidai kafaɗar hagu, ya ja a hankali.

Yadin ya motsa. Ya ga tattarar tana gudu a gaban dutsen kamar yadda ruwa ke kwantawa bayan abra ta wuce. Inda ya bi, fata ta miƙe, ta kama ƙashi, siffa ta fito. Shekara hamsin yana guga yana kwantar da yadi, yau ga yadi yana tashi a ƙarƙashin hannunsa.

"Subhanallah," ya ce. Bai san ya faɗa ba.

Sau biyu suka zagaye jirgin, ana ƙara zafi. Da la'asar abin da ke tsaye a rumbun ya daina zama kwando. Yana da ƙirji, yana da ƙugu, bayansa ya gangara sumul har wutsiya. Mubashir ya ƙwanƙwasa gefensa da yatsa, ya amsa kamar ganga. Badaru ya leƙa kansa ciki. Rana tana ratsa yadin, ko'ina fari, ɗinkinsa kuma ya miƙe a kan bututu, bai kauce ko da faɗin zare ba.

Fiddausi ta iso daga gida da fulas ɗin shayi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙe ta ga jirgin, ta rufe baki da hannu. Uban ya hau da ƙyar yana nishi, ita ta haye ɗayar kujerar. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, da sauran wuri a tsakaninsu.

"Baba tela," in ji Mubashir, idonsa ya kawo ruwa, "bayan Fiddausi kai ne na biyu da zan ɗauka."

"Ni? In bi Bakano sama? A ƙasa ma ya muka ƙare?"

Fiddausi ta ƙyalƙyale da dariya. Badaru ya zagaya jirgin sau ɗaya, tafinsa a kan yadin, yana jin ɗumin da bai gama fita ba. Ya tsaya a gaban hancin ya daɗe yana kallo. Sannan ya naɗe almakashinsa a ragowar akoko, ya sa a hammata.

"Allah Ya kai ku, Ya sauke ku lafiya."

"Amin, Baba. Tsaya in kai ka mana."

"Zauna, kada ka yaga mini aiki garin fitowa. Jirgin ƙasa na Metro na nan."

Ya sunkuya ta ƙarƙashin ƙofar rumbun, ya fita cikin zafin rana.