Yadda Na Kashe Jitar Yaya

Yayana ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma tun da na yi wayo na san shi da jitar bes, mai kaurin sautin nan da ke riƙe waƙa daga ƙasa, rataye a wuya. Babanmu mutumin Filato ne, aikin gwamnati ya kawo shi Birnin Kebbi. A nan aka haife mu, a nan muka binne shi ina aji uku na firamare. Daga ranar Yaya ya zama uba. Ban taɓa kama sunansa ba, ban kuma taɓa faɗa masa maganar da na san ba zai so ji ba. Ba don in wanke kaina nake faɗin wannan ba, don na san ba zan wanku ba.

Litinin zuwa Juma'a yana Argungu, yana kula da injin casar shinkafa na wani Alhaji. Ya daɗe a can har bakinsa ya koma na Kabawa sak. Asabar da hantsi sai ya hau babur ya dawo gida, ya wanke ƙaiƙayi, ya wuce gwajin waƙa a coci. Ni kuwa gyaran rediyo da talabijin nake yi a bakin kasuwa, shi ya sa dattawan coci suka ɗora ni a kan miksa, akwatin nan mai layi-layi da ke raba wa kowace murya da kowane kayan kiɗa ƙarfinsa kafin su fita ta manyan sifiku. Layin Yaya shi ne na shida.

Mai bes ba a kallonsa. Idan yana daidai ba mai tunawa da shi, amma ya yi shiru na ɗan lokaci ka gani, sai mata su daina rausaya, masu tafi su rikice, kowa ya hau waige-waige bai san abin da ya ɓace ba. Yaya yana alfahari da wannan ƙwarai. Jitarsa ta farko mai tsirkiya huɗu ce, ba batir ba komai, fentinta ya goge a inda babban yatsansa ke zama. Daga ita sai waya, sai miksa. Idan ya ga 'yan wasu coci sun jera fedoji, ƙananan akwatunan sauya sauti da ake takawa da ƙafa, a gabansu suna taka wannan suna taka wancan, sai ya ce sun buɗe shagon takalma. A ganinsa sauti a yatsa yake.

Shi ya sa na yi mamaki da ya fara ƙorafi cewa jitar ta dushe, wai kamar an rufe sifika da bargo. Ya kwance tsirkiyoyin ya dafa su a tukunyar miya don datti ya fita, matarsa ta yi ta faɗa har kwana biyu. Bai ji sauyi ba. Ya sa sababbi, nan ma shiru. Sai ya juyo kaina: wayoyina ne, miksata ce. Ni kuma ba na son a taɓa mini aiki. Na kwance miksar gaba ɗaya cikin fushi, na goge, na mayar, ban ga komai ba, kuma a kunnena jitar tana nan yadda na santa.

Daga nan ya sayo mai tsirkiya biyar, irin mai batir a ciki, wadda za ka murɗa ka ƙara mata kaifi ko nauyi daga jikinta. Sati biyu yana murna, sannan ita ma ta dushe. Sai ya aika aka kawo masa firiyam, wani ɗan akwatin ƙasa da ke gyara sautin jita ya ƙarfafa shi kafin ya iso wurina. Bayansa feda mai matse sauti don kowace tsirkiya ta fito daidai da 'yar'uwarta, bayanta kuma wata mai sa sauti ya yi kaushi. Mutumin da ke yi wa mutane dariyar shagon takalma ya buɗe nasa. Duk maɓallin da ke ƙara kaifi ya murɗe shi har ƙarshe. Abin da ke fita ta sifiku ba bes ba ne kuma, ƙarar ƙarfe ce, kamar ana kankare ƙanzo a gindin tukunya. Abin da ya fi muni, ya fara sakin mawaƙa. Su hau sama shi yana ƙasa, su tsaya shi yana tafiya. Zai dube ni daga kan dandamali yana murmushi, yana ɗaga mini babban yatsa.

Feda ta ƙarshe ni na karɓo ta a tasha, na kai masa Argungu wata Laraba don ya matsa sai ya gan ta. Ban taɓa shiga ɗakin injin yana aiki ba sai ranar. Ban yi minti biyar ba na fito kaina yana sarawa, shi kuwa yana ciki tun safe, ba ko auduga a kunnensa. Alhaji mai injin yana zaune a kan buhu a ƙarƙashin rumfa, ya yafito ni.

"Kai aƙ ƙanenai?"

Na ce ni ne.

"To ku kai shi asibiti. Kunnenai na tahiya. Jiya sau ukku nik kira shi, ina bayanai awa nan da can, bai waiwayo ba. Ni na hwaɗa mai, yam maishe ni mai wasa. Kai aɗ ɗan'uwa, shi ji taka."

A kan hanyar dawowa, tun daga Argungu har na wuce Ambursa, ina haɗa abubuwan da na daɗe ina gani ina kawar da kai: yadda yake ƙure rediyo, yadda 'ya'yansa ke maimaita masa magana. Jitar ba ta taɓa dushewa ba. Kaifin sauti ne ke ɓace masa, shi kuma yana bin sa da akwati bayan akwati.

Na gwada sau ɗaya, idan har za a kira shi gwaji. Muna cin abinci na ce masa injin nan yana da ƙara, ko za mu je a duba masa kunne. Ya yi dariya ya ce kunnen da ya shekara ashirin yana gyara wa coci waƙa shi zan kai wa likita, ni da ban iya riƙe murya ɗaya ba. Na taya shi dariyar. Iyakar jarumtakata ke nan.

Ana saura sati uku Ista dattawa uku suka ja ni bayan coci. Ba wanda ya ambaci kunne, ko da yake duk sun gane. Suka ce mutumin nan ya yi wa ikilisiya hidima tun wasu ba su zo garin ba, ba za a tsaya a gabansa a ce ya sauka ba, abin kunya ne gare mu duka. Amma tsofaffi suna kuka da ƙarar, mawaƙa kuma suna rikicewa. Tunda ni ke riƙe da miksa, ai na san yadda zan yi.

Na kuwa san yadda zan yi, kuma har yau ina jin haushin yadda dabarar ta zo mini da sauri. Na sayo masa abin sawa a kunne, na ce irinsa manyan makaɗa ke amfani da shi don su ji kansu sosai. Na tura masa jitarsa a ciki da ƙarfi, da ɗan sautin ganga. Ya sa, ya taɓa tsirkiya, fuskarsa ta washe. Ya dafa kafaɗata ya ce ashe karatun da ya sa ni bai tafi a banza ba. Ranar Lahadi na ja layi na shida ƙasa kaɗan. Lahadin da ta biyo na ƙara. Ranar Ista na kai shi ƙarshe. Mai fiyanonmu, wata malamar makaranta, ta ɗauki aikin bes da hannunta na hagu, ba tare da kowa ya ce mata ta yi ba.

Haka muka tafi duk damina. Yana zuwa da wuri ya jera fedojinsa, ya goge su da hanki, ya yi ta tambayata ko in ya taka mai kaushin a wurin amshi ya fi daɗi. Ina ce masa ya fi. Mutane suna gaishe shi a bakin ƙofa suna yaba kiɗa. Ba mugunta ba ce, kowa yana ganin alheri yake yi. Ni ma da farko na kan kwanta da nauyi a zuciya, daga baya na saba, kuma sabon nan shi ya fi ba ni tsoro idan na tuna.

Jita mai batir tana da hali guda: in ka bar waya a jikinta, batir yana ci ko ba a kaɗawa. Ni ke sauya masa shi lokaci-lokaci. A satin godiyar girbi aiki ya yi mini yawa na manta, shi kuma ya bar wayar a jiki tun Lahadin baya. Coci ta cika ranar, buhunan shinkafa da albasa jere a gaban bagadi, mata sun yi anko. Ana tsakiyar waƙar shigo da baiko, wato sadakar da jama'a ke kawo wa coci, na ga 'yar fitilar layinsa ta yi rawa ta mutu.

Ya ɗaga mini hannu, alamar da muka saba idan sauti ya ɗauke masa. Sannan ya juya ga jama'a, yana jiran abin da ya sani yana faruwa idan bes ya ɗauke. Ba abin da ya faru. Mata suna rausaya da kwanuka a ka, tafi yana tafiya daidai, ko mutum ɗaya bai waiga ba. Ya cire abin kunnen. Na ga ya dubi katakon da yake tsaye a kai, don nauyin kiɗan yana nan yana motsi a ƙarƙashin ƙafarsa, alhali hannunsa ba ya kan tsirkiya. Ya bi shi da ido har hannun hagun mai fiyano. Daga nan ya dube ni.

Na yi zaton zai ajiye jitar ya fita. Sai ya mayar da yatsunsa ya ci gaba da kaɗa matacciyar jita har aka kai ƙarshen waƙar. Da yana saukowa wani dattijo ya kama hannunsa ya ce Allah ya ƙara baiwa.

Bayan an tashi ya zo wurin miksa. Ban taɓa layin ba, na kasa. Ya daɗe yana kallonsa a can ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Tun Ista, Yaya."

Bai ji ba, sai da na maimaita da ƙarfi, a cikin cocin da ba kowa sai mu.

"Wa da wa sunka sani?"

"Kowa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Da baƙo na yay yi man haka, da na ce bai san ni ba." Ya naɗe wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba, ya zuba fedojin a jaka, ya ɗaure jitar a bayan babur.

Matarsa ce ta kai shi asibiti a watan da ya biyo. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma da an zo da wuri an raba shi da ƙarar injin, da an tsare saura mai yawa. Watannin da na yi ina ja masa layi ƙasa, yana can cikin ɗakin injin kullum. Alhaji ya mayar da shi wurin awo a waje. Bai sake hawa dandamali ba, dattawa kuma ba su sake tayar da zancen ba.

Yanzu da bakin mutane yake ji. Yana kallon leɓen matarsa, da na 'ya'yansa, da na manoman da ke kawo shinkafa, ya gane kusan komai, har ya yi musu raha. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Duk Lahadi ina zuwa gidansa mu ci a kwano ɗaya kamar da. Amma da na buɗe baki sai ya sauke idonsa kan abinci. Wata rana na tattara ƙarfina na roƙe shi gafara, na faɗi duk abin da na faɗa a nan har da wanda ban faɗa ba, hawaye yana zubo mini. Yana ta gyara lomarsa. Da ya ga hannuna ya daina motsi, sai ya ce in miƙo masa ruwa.