Kwami na Bakwai

Shekara ashirin da shida Hermelinda Xicay ta yi tana wanki a kwami na bakwai cikin jerin kwamayen dutse na wurin wankin jama'a da ke tsakiyar gari, inda ruwa ɗaya ke bi ta gaban mata goma sha biyu. Da rigunan malaman makaranta da zannuwan gadon masauki ta ciyar da 'ya'ya huɗu. Mijinta Rigoberto, direban bas ɗin kasuwa, ya rasu shekara uku da suka wuce, ita kuwa har yau baƙaƙen kayan makoki take sawa.

Sai wasu 'yan ƙuraje masu tsiro suka fito mata a gaba. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Ta je asibiti, nas ta ce ƙwayar HPV ce, fata da fata ake ɗauka wajen kwanciya. Namiji kan yi yawo da ita ba alama ko ɗaya a jikinsa, a jikin mace ma takan yi shekaru lamo kafin ta nuna. Aka shafa mata magani, aka yi mata gwajin bakin mahaifa. Wata mai dogon kunne da ke bayan labule ta riga ta isa gari da labarin.

Ranar Litinin ta tarar kwami na shida da na takwas fayau. Tránsito, ƙanwar marigayin, ta tare ta, hannu a ƙugu.

"Matar yaya, kwashe tsummokaranki ki koma rafi. Ba za ki zuba mana cuta a ruwa ba. Baƙin zane a sama, ashe ƙofar baya a buɗe."

Rafin nan tafiyar awa guda ce, ruwansa ja wur. Wa zai ba ta farar riga ta kai can?

Hermelinda ta sauke ƙunshinta a kan dutsen da hannunta ya siɗe.

"Ƙanwar miji, da a ruwa ake ɗauka, da kifi ya riga kowa layi a asibiti. Namiji ɗaya na sani a duniya, nono ɗaya kuka sha. Gadon da ya bar min ke nan, ko tayar mota bai haɗa min da ita ba."

"Ki ji tsoron Allah, mamaci kike yi wa ƙazafi."

"Ban ce ya sani ba. Shi ma mai yiwuwa har kabari bai sani ba. Amma ni na san kujerar gaban motarsa ba ta taɓa sanyi ba." Ta bi kwamayen da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. "Duk wadda ta taɓa zama a kanta, nas tana gwaji ranar Laraba. Ba na gaba da kowa. Ni zan raka ta."

Wata a kwami na uku ta duƙufa tana dirzar wuyan rigar da ta riga ta ɗauraye. Tránsito ta buɗe baki, ta waiwaya neman mai tayawa, ba ta samu ido ko ɗaya ba.

Hermelinda ta naɗe hannun riga, ta tsunduma zanen gado na farko a ruwan kowa.